Makaranta a Gidan Mai Bashi

A shekara ta 1705 aka kama wani fasto na Cocin Ingila a garin Epworth, aka kai shi kurkukun birnin Lincoln saboda bashin da bai kai fam 30 ba. Sunansa Samuel Wesley. Ya bar matarsa Susanna da ƙananan yara, ba kuɗi a gidan, ga shi kuma wasu maƙiyansa sun bi dare sun sossoke shanun da iyalin suke samun madara daga gare su. Da matar ta rasa abin da za ta aika masa, sai ta tuɓe zobbanta ta ba da a kai masa domin ya sayar ya ci abinci. Shi kuwa ya mayar mata da su. Ya yi wajen wata uku a tsare kafin masu jinƙai su haɗa kuɗi a sake shi.

A cikin wannan gida, wanda bashi ya kai masa har wuya, aka yi wata makaranta da ta shekara ashirin da wani abu tana ci. Babbar malamarta Susanna ce, ɗalibai kuwa 'ya'yan cikinta. Ta haifi goma sha tara, tara suka rasu tun suna ƙanana, goma suka girma, maza uku da mata bakwai. Biyu daga cikin mazan ba baƙi ba ne ga masu zuwa sujada, wato John Wesley wanda ya kafa tafarkin Methodist, da ƙanensa Charles wanda ya rubuta waƙoƙin yabo fiye da 6,000. Saboda waɗannan biyu, galibi akan ba da labarin Susanna a matsayin labarin nasara zalla, a yi tafi a watse. Amma miji da matar da suka zauna da dare suna duba aljihunsu, suna tunanin ko su koyar da yaransu a gida, suna bukatar labarin dukansa, har da ɓangaren da ba ya jawo tafi.

Wannan tunani bai tsufa ba. A Amurka, inda koyar da yara a gida ya halatta a dukan jihohi 50 tun 1993, hukumar ƙididdigar ilimi ta ƙiyasta yara 850,000 ne suke karatu a gida a 1999, suka kai miliyan ɗaya da rabi a 2007. A shekara ta 2020, lokacin annobar korona, hukumar ƙidaya ta ƙasar ta ga gidajen da ke yin haka sun tashi daga kashi 5.4 cikin 100 a ƙarshen Afrilu zuwa kashi 11.1 a farkon Oktoba. Da yawa cikin irin waɗannan gidaje albashi ɗaya suke ci, gama dole ɗaya daga cikin iyaye, yawanci uwa, ta zauna da yaran. Tambayar da ke gabansu ta wuce ta dabarun tsimi. Shin daidai ne iyayen da ba su da hali su ɗauki ilimin ɗansu a hannunsu? In sun ɗauka, wane abu ne talauci ya yafe musu, wane ne kuma bai yafe ba?

Akwai amsoshi biyu masu sauƙi da akan ji. Wasu sukan ce ilimi sai da kuɗi, wanda ba shi da su kada ya yi wasa da rayuwar yaro. Wasu kuma sukan ce uwa ita ce makaranta, ƙauna kaɗai ta isa. Gidan Epworth bai gaskata ko ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da ba a saya a kasuwa

A takarda, kuɗin shigar faston Epworth fam 200 ne a shekara, abin da ya isa gida ya rayu a wancan zamani. Sai dai Samuel ya shiga aikin da tsohon bashi, wuta ta ci wani sashen gidan a 1702, ta cinye shi ƙurmus a 1709, shi kansa kuma ba gwanin riƙon kuɗi ba ne. Yakan tafi babban taron malaman ikkilisiya a Landan da kuɗin aljihunsa, ya kuma kwashe shekaru da dukiya wajen rubuta wani ƙaton littafi da harshen Latin a kan Ayuba. Wata rana Babban Bishop na York, John Sharp, ya tambayi Susanna ko ta taɓa rasa abinci. Ta amsa masa cewa a gaskiya ba ta taɓa rasawa ba, amma wahalar nemansa kafin a ci da ta biyan kuɗinsa bayan an ci takan kawar mata da daɗinsa, a ganinta kuma irin wannan samu shi ne na biye da rashi. Duk matar da ta taɓa karɓo awo bashi ta san abin da take nufi.

Yadda ta gudanar da makarantar sananne ne, domin John ya roƙe ta ta rubuta masa, ta kuwa rubuta a wata doguwar wasiƙa ranar 24 ga Yuli, 1732. Ba ta fara wa yaro karatu sai ya cika shekara biyar. Kafin ranar akan shirya gida, a ba kowa aikinsa, a hana shiga ɗakin karatu. Ana zama daga ƙarfe 9 na safe zuwa 12, a dawo daga ƙarfe 2 zuwa 5. Yini ɗaya take ba yaro ya san haruffa duka, kuma duk sun sani a cikin yinin, sai 'yan mata biyu da suka ɗauki yini ɗaya da rabi. Ita kanta ta faɗa cewa a lokacin ta ɗauke su daƙiƙai, sai daga baya da ta ga yadda yaran wasu suke daɗewa ta sake tunani. Da yaro ya san haruffa sai a buɗe masa sura ta fari ta littafin Farawa, ya haɗa baƙaƙen aya ta ɗaya, ya yi ta maimaitawa har ya karanta ba gargada, kana ya wuce ta biyu. Littafin da ke gidan tun dā shi ya zama littafin koyon karatu. Inda ta ga ba ta da abin koyarwa, sai ta zauna ta rubuta da hannunta: ta yi wa 'ya'yanta bayani a kan Shaidar Bangaskiya ta Manzanni da kuma Dokoki Goma.

An ruwaito cewa wata rana mijinta ya zauna yana sauraro, ya ƙirga ya ga ta faɗa wa yaro abu ɗaya sau ashirin, ya yi mamakin haƙurinta. Ta ce masa da ta tsaya a na goma sha tara, da duk wahalarta ta tafi a banza, gama na ashirin ɗin ne ya kama. Ban da wannan, ta ware wa kowane yaro lokacinsa a mako, su zauna su biyu su yi magana a kan abin da ya shafi ransa. Daren Alhamis na John ne, kuma har ya zama malami a Oxford bai manta da shi ba.

Dokokin gidan su ne suka fi cancanta a tsaya a kansu, domin ba su ci ko anini ba. Yaron da ya yi laifi ya faɗa da bakinsa ya kuma yi alkawarin gyarawa, ba a dukansa, domin ta lura tsoron duka ne ke koya wa yara ƙarya. Ba a horon yaro sau biyu a kan laifi ɗaya, ba a kuma yi masa gori da shi in ya gyara. In yaro ya yi ƙoƙarin faranta rai amma aikin bai yi kyau ba, akan karɓi niyyarsa a nuna masa gyara da taushi. Alkawari dole a cika. Kyautar da aka bayar ba a karɓe ta. Kayan kowa kuma nasa ne, ko da bai wuce allura ba, ba mai taɓawa sai da yardarsa. Wannan ta ƙarshe tana da nauyi a gidan talaka fiye da na mai kuɗi. Inda abu ya yi kaɗan, abu mafi sauƙi shi ne uwa ta fizge na babba ta miƙa wa ƙaramin da ke kuka domin a sami shiru. Babban yakan koyi darasi a nan, ko da ba a yi niyyar koya masa ba: mai ƙarfi ne ke da kaya. Yaran Epworth sun taso cikin tsofaffin tufafi, amma kowannensu ya san yana da haƙƙin da ko uwarsa ba ta ketawa.

Ba kome na cikin wasiƙar ne abin koyi ba. Susanna ta rubuta cewa tun yaro yana shekara ɗaya ake koya masa tsoron bulala da yin kuka a hankali, ta kuma ɗauki karya taurin kan yaro a matsayin tushen tarbiyya. Zamaninta ke nan, amma shirun jariri saboda tsoro ba alamar kirki ba ne. John ma da ya buɗe makarantarsa a Kingswood a 1748 ya wuce gona da iri, ya hana yara wasa ɗungum, makarantar kuwa ta daɗe tana ba shi ciwon kai.

Duk da haka amsa ta farko ta faɗi. Tsari da haƙuri da adalci da kulawa da kowane yaro shi kaɗai, waɗannan su ne jarin makarantar Epworth, ba ɗayansu da ake sayarwa. Wanda ya ce talaka ba zai iya koyar da ɗansa ba, kusan yana cewa ne sai mai kuɗi ya cancanci haihuwa.

Wa ya biya?

Sai dai makarantar ba kyauta ba ce. An biya ta da ran mutum. Awa shida kowace rana, in ma kwana biyar kaɗai aka ƙirga a mako, awa 30 ke nan, aikin cikakken malami. Susanna ta yi shi tana ɗauke da ciki ko goyo, gama haihuwarta ta fari a 1690 ce, ta ƙarshe a 1709, a tsakani kuma ta yi makokin 'ya'ya tara. Ita da kanta ta gaya wa John cewa ta ba da fiye da shekara ashirin na ƙuruciyarta ga wannan aiki, tana kuma shakkar za a sami mutane da yawa da za su yarda su yi haka.

Akwai kuma abubuwa biyu da masu yabonta sukan tsallake. Na ɗaya, ita 'yar gidan ilimi ce. Mahaifinta, Dokta Samuel Annesley, babban mai wa'azi ne a Landan, ta taso cikin littattafai da muhawara, har tun kafin ta cika shekara 13 ta auna hujjoji ta bar cocin mahaifinta ta koma Cocin Ingila. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na biyu, duk da bashin, gidan yana da 'yan aiki, kamar yadda gidajen fastocin Ingila suke a lokacin. Akwai mai yi wa yara wanka, akwai mai aikin madafa. Talaucinta na gaske ne, amma ba irin na matar da in ba ta fita gona ko kasuwa ba ba za a ɗora tukunya ba. Ga irin wannan mata, kowace awa da ta zauna da yaro da littafi awa ce da aka cire daga abincin dare.

Saboda haka maigidan da ya yi lissafi ya ce karatun gida ya fi araha, ya kamata a tambaye shi a wane shafi ya rubuta lokacin matarsa. Kuɗin makarantar da ya tsira a aljihunsa bai ɓace ba, ya koma ne kan wuyan wata, ya zama sana'ar da ta ajiye, da barcin da ta rage, da ƙawayen da ta daina gani. Ba laifi ba ne mutum ya yi irin wannan sadaukarwa, abu ne mai daraja ƙwarai in da yardar rai aka yi shi. Laifin yana wurin wanda ya yanke shawarar shi kaɗai, ya ci ribar tsimin, ya bar wa wata biyan farashin, har ya riƙa kiran abin kyauta. Samuel Wesley ya taimaka da koyar da Latin da Helenanci, a ba shi wannan. Amma da wuya a karanta tarihin gidan ba a ga cewa littafin Ayuba ya sami rabon lokacinsa fiye da 'ya'yansa mata ba.

Gobarar ranar 9 ga Fabrairu, 1709, wadda aka zaro John ta taga yana ɗan shekara biyar, ta bayyana wani mai biya na biyu. Gida ya ƙone da littattafai da rubuce-rubucen Susanna, aka rarraba yaran gidajen mutane. Da aka sake gini suka dawo, uwar ta tarar sun kwaso ɗabi'un da ba ta sani ba, ta ɗaura ɗamarar gyara. Daga nan ta shigo da rera Zabura a farkon karatu da ƙarshensa, ta kuma haɗa yaran biyu biyu: babba duka ya ɗauki ƙarami duka da ya iya magana, na biye ya ɗauki na biye, su karanta musu Zabura da sura guda safe da yamma. Dabara ce mai kyau, kowane gida mai yara da yawa da kuɗi kaɗan zai gane amfaninta, mai koyarwa ma yakan ƙara sani. Amma mazan suna tafiya makaranta ɗaya bayan ɗaya, nauyin kuwa yana zama a kan manyan 'yan mata, musamman Emilia. Ƙaramar malama a gida ita ma yarinya ce mai nata karatun da nata gaba.

Ƙofar da aka buɗe wa wasu

A nan ne amsa ta biyu take faɗuwa. Ba ɗaya daga cikin 'ya'ya mazan da ya ƙare karatunsa a gida. Samuel ƙarami ya shiga makarantar Westminster a Landan a 1704. John ya shiga Charterhouse a 1714 yana shekara goma, bayan wani basarake mai sarautar Buckingham ya ba da sunansa a cikin masu karatu kyauta. Charles ya bi wansa Westminster a 1716, wan ne kuma ya ɗauki nauyinsa. Dukansu uku sun wuce Oxford. Iyayen ba su ɗauki makarantar gida a matsayin katanga ba. Harsashi suka ɗauke ta, da lokaci ya yi kuma ba su ji kunyar neman taimakon manya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma girman kan da ke hana uba roƙa wa ɗansa gurbin karatu ɗan ne yake biyansa.

'Yan matan bakwai sun zauna a ɗaki ɗaya da mazan, a gaban malama ɗaya, wasunsu ba su kasa mazan kaifin ƙwaƙwalwa ba. An ce Mehetabel, wadda ake kira Hetty, tana karanta Sabon Alkawari da Helenanci tun tana wajen shekara takwas, ta kuma zama mai rubuta waƙe. A 1725, bayan wani abin kunya da ya same ta, aka aurar da ita ga wani mai aikin dalma da gilashi wanda ba ruwansa da karatu, ta yi zaman baƙin ciki har mutuwarta a 1750. Martha ta auri wani fasto da ya ci amanarta ya gudu. Emilia ta rubuta wa John wasiƙu masu ɗaci a kan rashin da suka sha a gida, alhali ɗan abin da ake samu yana tafiya wajen bashi da karatun maza. Jami'ar Oxford ba ta fara ba mata digiri ba sai 1920, don haka ba za a ɗora wa iyayen dukan laifin ba. Amma darasin a fili yake: koyarwa ɗaya ce, abin da ya raba ƙarshen yaran shi ne ƙofar da ke waje. Ƙaunar uwa ta iya cika kan yarinya da ilimi, ba ta iya ba ta wurin da za ta tsaya da shi ba.

Wannan ya nuna iyakar ikon iyaye. Yaro amana ne a hannunsu, kuma amana ce mai wa'adi, gama ranar tana zuwa da zai tsaya a duniyar da ba su a ciki. Haƙƙinsa na a shirya shi domin wannan rana ba ya raguwa don aljihun ubansa ya ragu. Talauci yakan yafe wa iyaye sabon littafi da tebur da kayan makaranta masu tsada. Bai yafe musu tambayar ko yaron zai iya zama jarrabawar da sa'o'insa suke zama ba, ko zai sami takardar shaidar da za a nema a hannunsa, ko ya saba da mutanen da ba danginsa ba. Uwar da ta kai iyakar saninta a lissafi, ta ga ɗanta yana bukatar wanda ya fi ta, aminci shi ne ta faɗa, ta nemi maƙwabci ko malamin da ya yi ritaya ko makaranta.

Ƙasashe ma a kan wannan haƙƙi suke rabuwa. Dokar ilimi ta Ingila ta 1996 ta ɗora wa iyaye wajibin ganin yaro ya sami cikakken ilimi, ko a makaranta ko ta wata hanya. Jamus ta wajabta zuwa makaranta, ba ta yarda da karatun gida a madadinsa ba. A Nijeriya, dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta umarci iyaye su tabbata ɗansu ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kuma gama. Susanna ba ta da irin wannan doka a kanta, gama ba a wajabta zuwa makaranta a Ingila ba sai 1880, kuma ba ta cire 'ya'yanta daga wata makarantar kyauta ba. Wanda yake da makarantar gwamnati a unguwarsa tambayarsa dabam ce da tata. Mai yiwuwa abin da Epworth zai fi ba shi na awoyin yamma ne, da hutu, da irin watannin da aka rufe makarantu daga Maris na 2020, sa'ad da gidaje da yawa suka ga karatun yaransu ya dawo hannunsu ba shiri.

Akwai haɗari guda da ya fi kusa da gidan talaka, shi ne a raɗa wa rashin karatu suna karatun gida. Yaro yana da amfani. Yana iya talla, yana iya raino, yana iya kiwo, yana iya tsaron shago. In kuɗi ya yi wuya, zuciya takan iya ƙera dalilai masu kyan ji, a ce makarantun yanzu sun lalace, a ce gara a koya masa a gida, alhali abin da ake so hannunsa ne. Mutum yana iya ruɗin kansa a kan wannan ba tare da ya yi ƙarya da gangan ba. Hanyar gane gaskiyar niyya ita ce a duba ranar da aiki da karatu suka yi karo, a ga wanne ake ɗagawa.

Doka ta ƙarshe cikin dokoki takwas da Susanna ta jera a wasiƙarta a kan wannan karon take. Ta ce ba za a koya wa yarinya ɗinki ba sai ta iya karatu sosai, ta kuma bayyana cewa sa yara mata ɗinki tun kafin su ƙware shi ne dalilin da ya sa matan da suka iya karatu a fili ba su da yawa. A gidan mai wadata wannan doka ba ta cin kome. A gidan da ke da yara goma, ga bashi, ga tufafin da kullum suke bukatar faci, allurar yarinya kuɗi ce, kowace shekara da aka jinkirta ta asara ce da ake ji a jiki. Uwar ta fi kowa bukatar waɗannan hannuwa, ita ce kuma ta hana kanta su. Ta yi tsimi a tufafi da abinci da littattafai, amma da tsimin ya iso kan lokacin karatun 'yarta sai ta tsaya. Ba ta da ikon buɗe wa 'yan matan Oxford. Abin da ke hannunta shi ne kada gidan ya ci ƙuruciyarsu domin ya rufe giɓinsa, wannan kuwa ta yi shi daidai gwargwado, ko da yake Emilia za ta iya cewa bai isa ba.

Samuel Wesley ya rasu a watan Afrilu na 1735, da sauran bashi a kansa, littafin Ayuba kuma bai riga ya fito ba. Gidan na ikkilisiya ne, don haka dole gwauruwar ta tashi. Emilia ta riga ta yi shekaru tana koyarwa a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Lincoln, daga baya ta buɗe tata a garin Gainsborough, a can ne kuma Susanna ta fara sauka. Daga nan ta zauna da ɗanta Samuel a Tiverton, ta zauna da Martha, a ƙarshe ta koma wurin John a Landan, inda ta rasu ranar 23 ga Yuli, 1742, tana da shekara 73. John ya sa wasiƙar 1732 a cikin littafin tarihin ayyukansa, daidai bayan labarin jana'izarta.